Kira Daga Tudun Ƙirya

Kwalkwalawa, Sakkwato
Satumba, 2021

Yaya Mairo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Yaya Na'Allah da Ihsan da ƙannenta. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiyata lau, sai zazzaɓin damina da ya ɗan taɓa ni ya sake ni.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Tun da aka rufe sabis a yankinmu saboda ɓarayin daji nake gwada lambarki da ta Yaya Na'Allah, ba ta shiga. Jiya na shiga gari na ci karo da Mamman direba a tasha, ya ce yana zuwa Tungar Rimi jefi-jefi, in ina da saƙo in kawo. Mai shagon da na sayi ambulan a wurinsa sai da ya tono ƙasan kanta kafin ya samo ta. Da ya ji sashen sadarwar kwamfuta nake karatu, dariya ya yi ta yi.

Karatu na tafiya. Bana, a aji uku na jami'a, aka bar mu muka taɓa kayan aiki da hannunmu. Akwai wata waya da ake haɗa kwamfutoci da ita, cikinta siraran wayoyi ne masu launi daban-daban, kowace da gurbinta. Ka saɓa ɗaya, ba abin da zai wuce. Na lalata kawunan waya da yawa kafin in iya, har Malam Abdulrasheed, mai kula da ɗakin gwajinmu, ya ce hannun riƙon hauya gare ni. Ranar da kwamfutoci biyu suka ga juna ta wayar da na haɗa, saura kaɗan in yi ihu.

Ki gaya wa Yaya Na'Allah wannan, tunda shi ne mai son jin yadda abu ke aiki. Ba a tumɓuke komai ba. Ƙarfen sabis yana nan tsaye, kashe shi kawai aka yi. Ita kuwa waya ba ruwanta da iyakar ƙasa, duk ƙarfen da ta jiyo shi take nema. Malam ya ce a garuruwan bakin iyaka, in mutum na da layin Nijar ya hau wuri mai tsawo, yana iya kama sabis ɗin can. Yana faɗa na tuna tudun Ƙirya, inda muke kai awaki muna yara.

Abin da ya fi damuna shi ne Juma'a. Na saba in na sauko daga masallaci in kira Inna ta yi mini faɗan rashin cin abinci. Yanzu sai in zauna riƙe da waya kawai.

Ki gaishe ta sosai. Ki ba Mamman amsa.

Ƙanenki,
Gazali

Tungar Rimi
Oktoba, 2021

Gazali,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso hannuna lafiya. Mu duka lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Inna tana nan yadda ka sani, sai dai yanzu tari ya haɗu da ita, ba ta cika fitowa tsakar gida ba. Ta ce in tambaye ka mi kake ci a wurin nan.

Rabona da rubuta wasiƙa tun ina sakandare, ka yi haƙuri da hannuna.

Gero ya yi kyau a gonakin kusa, an yanke an ɗaure. Na nesa kam an bar wa tsuntsu, ba mai zuwa. An hana cin kasuwa, gishiri ma sai an yi aike. Wagga shekara dai sai addu'a. Da can in an ga babura sun doso, wani daga ƙauyen gaba yakan bugo ya ce ku watse. Yanzu sai dai kunnenka. Wasu na cewa rufewar ta rage ɓarna, wasu na cewa ta ƙara. Ni ban sani ba.

Maigidana ya sa na karanta mashi takardarka sau biyu. Da na zo wurin wayar da ka haɗa, ya buga cinya ya ce, "Kin ji ko? Yaron da na goya a keke zuwa firamare." Ya karɓi takardar ya tafi da ita ƙofar masallaci, ya dawo shina faɗin wai sun ce Tungar Rimi ta yi injiniya. Na ce mashi saura shekara guda da wani abu. Ya ce, "Ke dai ba ki san komai ba."

Da na karanta wa Inna maganar Juma'a, sai ta juya fuska bango. Can ta ce, "Takarda ba ta tari, ba ta dariya. Ta ina zan gane ko lafiya yake?" Maigidana na bakin ƙofa ya ji ta.

Na ba Mamman ƙullin ƙuli-ƙuli da yajin daddawa. Ka raba da Gwaggo Zulaiha in ka je Ƙofar Kware, kada ka cinye kai kaɗai. Ihsan ta ce ka sayo mata biro mai ja.

Yayarka,
Mairo

Kwalkwalawa, Sakkwato
Oktoba, 2021

Yaya Mairo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Allah ya ba Inna lafiya. Na saka maganin tari cikin ledar nan, da biron Ihsan. Ƙuli-ƙuli ya iso, Gwaggo ta samu rabonta, ko da yake abokan ɗakina sun riga ta.

Albishirinki. Ranar Talata muka yi babbar jarabawar aikin hannu. Aka karɓe wayoyinmu a bakin ƙofa, aka ba kowa kwamfutoci da na'urar da ke raba musu hanya, aka ce ka haɗa su su yi magana da juna. An ɓoye matsala a ciki da gangan, sai ka nemo ta. Tun safe muke ciki har bayan azahar. Na yi gumi, Yaya. Na bi waya ɗaya bayan ɗaya, ashe adireshin kwamfuta ɗaya aka sauya. Da na gyara, Malam Abdulrasheed ya zo ya duba, sannan ya ce, "Hauya ta yi rana." Mu kaɗan ne muka gama. Ki karanta wa Yaya Na'Allah wannan a hankali, ya samu na kai wa ƙofar masallaci.

Wani abu kuma, don ku kiyaye in sabis ya dawo. Ina fitowa na kunna waya, sai ga wata baƙuwar lamba ta ƙasar waje tana kira. Ban ɗauka ba. Ta sake kira, ta sake. A makon da ya wuce aka koya mana irin wannan. 'Yan damfara ne, suna kira don ka ɗauka ko ka bi kiran, su kwashe maka kati ko su yaudare ka da wani zance. Na toshe ta nan take. Ki gaya wa Inna da kowa, lambar da ba ku sani ba, musamman mai dogon kai irin ta ƙasar waje, kada ku kula ta.

Na fara tunanin aikin da zan yi na kammala karatu. Ina so in gwada yadda ƙauye zai haɗa 'yar hanyar sadarwa tasa ta cikin gida, mai aiki da hasken rana, ko da babban layi ya ɗauke. Malam ya ce da wuya, amma in rubuto ya gani.

Ki ce wa Inna ina cin abinci, har na yi kumatu.

Ƙanenki,
Gazali

Kwalkwalawa, Sakkwato
Nuwamba, 2021

Yaya Mairo,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya. Shirun ya yi yawa.

Na je tasha ya fi a ƙirga. Mamman ya ce ya ba da takardata a bakin gari ya juyo, tun daga nan bai koma ba, hanya ta ɓaci. Na tambaye shi ko ya ji wani abu, ya ce ana dai ta magana, bai tabbatar ba. Ya ƙi haɗa ido da ni. Gwaggo ma ba ta ji komai ba.

Wannan na ba wani mai ɗaukar albasa ne da ya ce zai ratsa ta kusa da ku. Ko layi ɗaya ne ki rubuto. In jikin Inna ne, kada ki ɓoye mini.

Gazali

Tungar Rimi
Nuwamba, 2021

Gazali,

Wa alaikumus salam. Inna tana nan da rai, tarin ya yi sauƙi. Yara lafiya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Maigidana ya rasu. Cikin takaba nake rubuto maka.

Na ɗauki biro na ajiye ban san sau nawa ba. Zan faɗa maka yadda abin ya faru, don gara ka ji daga gare ni.

Tun ranar da Inna ta yi maganar nan ya sa abin a ransa. Ya samo layin Nijar wurin wani mai awon wake. Ya ce zai hau tudun Ƙirya ya kira ka, ya naɗo muryarka cikin waya ya kawo wa Inna ta ji. Na ce mashi wajen ba lafiya. Ya ce da safe zai je, kafin azahar ya dawo. Ya hana ni rubuta maka, wai so yake ka ji shi kwatsam.

Ranar Talata suka tafi shi da Ja'afar maƙwabcinmu. Ja'afar ya ce suna hawa sabis ya kawo, kamar yadda ka faɗa. Suka kira, aka ce wayarka a kashe take. Suka zauna gindin ƙirya suna jira. Bayan azahar kira ya shiga, wayarka ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Daga baya ta koma tana katsewa da kanta. Suna nan har la'asar ta kusa, sai ga babura daga yamma. Ja'afar ya faɗa cikin dawa ya tsira. Shi yana can sama inda sabis ya fi ƙarfi, ba wurin ɓuya. Sun harbe shi, sun ɗauke wayar. Da yamma maza suka je suka ɗauko shi.

Takardarka ta jarabawa ta iso bayan an yi sadakar bakwai. Na karanta ta ni kaɗai a ɗaki. Lambar da ka toshe tashi ce.

Na yi tunanin in bar wanga zance a cikina har in mutu. Amma Ja'afar ya faɗa wa mutane an yi ta kira ba a ɗauka ba, kuma kai ba yaro ba ne, za ka haɗa da kanka. Inna ta san ya je kiranka ne. Ba ta san sauran ba.

Ka yi mashi addu'a. Ka faɗa wa Gwaggo.

Kada ka zo. Ba ni son in gan ka a garin nan.

Mairo

Ƙofar Kware, Sakkwato
Nuwamba, 2021

Yaya,

Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan Yaya Na'Allah, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba ki haƙuri, ya raya abin da ya bari. Ban san yadda ake yi wa mutum ta'aziyyar abin da da hannunka a ciki ba.

A bakin ƙofar jami'a mai albasa ya ba ni takardarki. A tsaye na karanta. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, sai da wani mai shayi ya zo ya kama ni. Abu na farko da na yi, na buɗe waya na nemo lambar. Tana nan inda na jefa ta. Na cire ta daga toshewa na kira, a kashe. Har yau ina kira.

Wayar tana hannuna, Yaya. Ina kallonta tana ƙara. Ina tsaye a inuwa muna dariya da abokaina, har na nuna musu na ce ga irin waɗanda aka faɗa mana. Ni na ba shi labarin tudun, kuma da na ga lambar ko sau ɗaya tudun bai faɗo mini a rai ba. Ina ta jin daɗin na san abin da wasu ba su sani ba.

Ina gidan Gwaggo tun ranar. Ban koma aji ba. Malam Abdulrasheed ya biyo ni har nan, muka zauna a zaure. Na faɗa masa komai. Ya ce, "Abin da na koya muku gaskiya ne, kuma ni na koya muku shi. In laifi kake nema, ka raba da ni." Na ce shi bai san tudun ba, ni na sani. Ya ce jarabawar ƙarshen zango ta matso, zai riƙe mini gurbi iyakar iyawarsa. Na ce ya bari.

Na yanke shawarar barin karatun. Gonar Yaya Na'Allah na buƙatar hannu, yara na buƙatar namiji a gida. Aƙalla wannan na iya shi tun kafin in san kwamfuta. Na ɗaure kayana, Gwaggo ta ɗauke jakar ta kulle a ɗakinta. Ta ce, "Ba inda za ka sai da izinin yayarka."

Na karanta layinki na ƙarshe har na haddace. Kin ce ba kya son ganina. Ban ga laifinki ba, ni ma da zan iya da ban kalli kaina ba. Ba sai kin gan ni ba. Zan sauka a gidan Ja'afar, in yi aikin gona, in ajiye hatsi a ƙofar gida in juya. Ki dai ce wa Gwaggo ta ba ni jakata.

Ban roƙe ki gafara ba don ban ga ta inda zan fara ba.

Gazali

Tungar Rimi
Disamba, 2021

Gazali,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Inna ta fara fitowa tana shan hantsi. Na gode da ta'aziyya, Allah ya ba da lada. Ka gaishe da Gwaggo, ka ce na gode da ta riƙe jakar.

Kai da ake koya wa karatu mai wuya, ka kasa karanta layi ɗaya. Na ce ba ni son in gan ka a garin nan. A garin nan na ce. Tun bayan rasuwar an tare hanyarmu, an ɗauki mutane a mota, ciki har da ɗan liman. Na binne miji, kana so in zauna ina sauraren ko motar da ta ɗauko ƙanena ta iso? Abin da nake nufi ke nan.

Amma tunda ka buɗe zancen, ba zan yi maka ƙarya ba. Na yi fushi da kai. Ranar da na karanta takardarka ta jarabawa na cusa ta cikin murhu, maganin tarin ma sai da ya kwana biyu ban ba Inna ba don daga hannunka ya fito. Akwai safiyar da nake tashi da fushin har yanzu. Wata safiyar kuma da maigidana nake fushi, da ya ji maganata bai ɗauka ba. Wata da kaina, da na karanta mashi wurin tudun sau biyu. Sai in tuna waɗanda suka harbe shi suna can suna yawo, ko sunansa ba su sani ba, mu kuma muna nan muna rabon laifi tsakaninmu. Kwanansa ne ya ƙare. Na san haka, zuciyata ce ba ta gama sani ba.

Na sa an kira mini Ja'afar, ya tsaya daga bayan zana na tambaye shi yadda suka yi zaman jiran. Ya ce da ya ga rana ta karkata ya ce su tafi. Maigidana ya ce, "Shina cikin aji ne. Ka san karatunsu ba irin namu ba ne, ba a ɗaga waya a gaban malam." Da ta fara katsewa ya ce sabis ne ke rawa, bari ya ƙara hawa sama. Ja'afar ya ce ko kaɗan ransa bai ɓaci ba, har shina tsara abin da zai ce in ka ɗauka, wai zai sauya murya ya ce daga kamfanin waya ne ana neman injiniya. Bai san ka toshe shi ba. Na ga ya kamata ka san wannan.

Maganar gona ka bar ta. Ba gonar da za a noma. Gidaje da yawa sun tashi, Ja'afar ma ya kai iyalinsa gaba. Na tambayi liman ko mai takaba na iya barin ɗakinta, ya ce in don tsoron rai ne ya halatta, in ƙarasa a inda na sauka. Mun sayar da awaki, hatsin da za mu iya ɗauka mun zuba a buhu. Mamman ya ce ranar Lahadi mai zuwa za su fito cikin ayari da rakiya. Ni da Inna da yara za mu biyo shi. Ka ce wa Gwaggo ta share mana ɗakin baya.

Kai kuma ka koma aji tun kafin mu iso. Ba don na ce karatun zai gyara wani abu ba. Yaran nan uku dai yanzu kai ne gare su, kuma ba da hauya za ka riƙe su a birni ba. In na iso na tarar ka bar jarabawa, wannan fushin daban ne.

Abu ɗaya ya rage. Ihsan ta ji maganar Ja'afar a wurin makoki. Ta tambaye ni mi ya sa Kawu bai ɗauki wayar Baba ba. Na ce ban sani ba. Ta sake tambaya, na ce ta bari sai ta gan ka. Shekararta tara, tana gane ƙarya, kuma ba ta mantuwa. Na san ko gaisawa ba za ku gama ba za ta tambaye ka. Ka shirya abin da za ka faɗa mata, kuma ka faɗa mata gaskiya. Zan tsaya kusa da kai.

Ka zo tasha da kanka, kada ka aiko kowa.

Yayarka,
Mairo